Duban Tsuntsaye a Bakin Tafki

Karatu: Matta 6:25-34, Kubawar Shari'a 22:6, 7, Ayuba 38:39 zuwa 39:30. A karanta su da murya a gaban jama'a kafin a soma darasin.

A kudancin Jihar Filato, a kan hanyar da ta tashi daga Lafiya zuwa Shendam, akwai wani tafki da a ke kira Pandam. An keɓe dajin da ke kewaye da shi a shekara ta 1972 domin namomin jeji su zauna lafiya, aka kuma gina ɗakunan saukar baƙi kusa da ruwan. A shekara ta 2008 aka sa shi cikin lissafin fadamun duniya waɗanda a ke tsaronsu bisa ga yarjejeniyar Ramsar. Da rani kirinjijiya su kan taru bisa ruwan garke-garke, zalɓe ya kan tsaya a gefe kamar dasa shi aka yi. Akwai mutane, har da waɗansu daga cikin masu-bi, waɗanda su kan tafi irin wannan wuri su kama ɗaki kwana biyu ko uku. Su kan tashi tun da jijjifi, su rataya madubin hangen nesa da kyamara, su zauna shiru a bakin ruwa har hantsi. Ba su harbi, ba su kafa tarko. Abin da su kan komo da shi gida, shi ne sunayen tsuntsaye a rubuce cikin ɗan littafi, da hotuna.

Tambayar da za mu bincika yau ke nan: ya dace mai-bin Yesu ya ba da kwanakinsa da kuɗinsa ga irin wannan abu? A ƙarƙashinta kuma akwai wata wadda ta fi ta girma, wadda ta shafi kowannenmu, ko wanda bai taɓa riƙe kyamara ba: mutum ya iya ƙaunar abu ba tare da ya kama shi ya mai da shi nasa ba?

1. Ƙarar da a ke kawowa

Bari mu fara jin bakin masu ƙin abin, gama maganarsu tana da nauyi. Na fari ya ce, kwanaki kaɗan ne, aiki kuwa da yawa. Ga marasa lafiya ba a gaishe su ba, ga gwauraye da marayu, ga ƙauyukan da ba su da mai wa'azi. Kuɗin mota da na ɗaki na kwana uku ya isa ya ciyar da wani gida kwanaki. Ƙaƙa za a ce mutum ya zuba wannan duka domin ya zura wa agwagwar ruwa ido?

Na biyu manomi ne, ƙararsa kuwa ta fi zafi. Ya ce, ku da ke birni kuna ganin tsuntsu abin sha'awa ne, domin ba ku taɓa tsaron gero ba. A ƙasashen Borno da Yobe da Jigawa da Kabi tsuntsun nan jan-baki ya kan sauko bisa gona kamar hadari, kafin rana ta faɗi wahalar damina ɗungum ta tafi. A kan ce ya fi kowane tsuntsun jeji yawa a duniya. Yaro ya kan wuni bisa dakali yana jan igiya mai gwangwanaye, yana ihu har muryarsa ta dushe. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa ya zauna ya yi sha'awar tsuntsu, sai ya ga kamar ba'a a ke yi masa.

Kada mu yi hanzarin ture waɗannan ƙararraki biyu. Za mu komo wurinsu. Amma tun da shi ke mu mutanen Littafi ne, sai mu fara tambaya abin da Littafin ya faɗi.

2. An umurce mu mu duba

Abin da za mu fara lura da shi cikin Matta 6:26, shi ne maganar tana cikin siffar umurni. Ubangiji Yesu ya ce wa masu jinsa su dubi tsuntsaye, kalmar da aka mora a Helenanci kuwa tana nufin duba na natsuwa, irin wanda mutum ya kan tsai da ido bisa abu har ya gane shi. Mutanen da ya faɗa wa haka ba masu hutu ba ne. Masunta ne da manoma na kewayen Tekun Galili, wanda shi ma tafki ne na ruwan daɗi, waɗanda tunanin abincin gobe ya kan hana su barci. Su kuma sun san ɓarnar tsuntsu sarai, gama a cikin misalin mai-shuka tsuntsaye ne suka tsince irin da ya faɗi a bakin hanya. Ubangiji ya san wannan duka, duk da haka ya aike da idonsu wurin tsuntsaye.

Ƙasar nan tasu kuwa hanyar tsuntsaye ce. Tana tsakanin teku da hamada, domin wannan tsuntsaye ɗaruruwan miliyoyi su kan bi ta kanta sau biyu kowace shekara, daga Turai da Asiya zuwa Afirka, da komowa. Abin da annabi Irmiya ya gani ke nan sa'anda ya gwada mutanensa da shamuwa, ya nuna ita ta san lokatanta, su kuwa ba su san shari'ar Ubangijinsu ba (Irmiya 8:7). Mu ma mun san wannan wa'azi. Shamuwa tamu ta kan iso da bazara, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, manomi ya ganta ya soma gyaran fartanya. In damina ta wuce ta kama hanyar kudancin Afirka. Ba wanda ya taɓa aika mata da takarda.

A cikin Ayuba abin ya fi wannan ban mamaki. Mutum ne wanda ya rasa 'ya'yansa goma da dukiyarsa da lafiyar jikinsa, yana neman Allah ya ba shi dalili. Sa'anda Allah ya amsa, sai ya kai shi yawon duban halitta: hankaka da 'ya'yansa masu kukan yunwa, jimina da ta kan bar ƙwanta a ƙasa, shaho mai miƙa fukafukai ya nufi kudu, gaggafa mai sheƙa a kan dutse. Ya kuma tuna masa da ruwan sama da ke zuba a jejin da babu mutum ko ɗaya (Ayuba 38:26). Watau akwai ayyuka masu yawa da Allah ya ke yi waɗanda ba domin cikinmu ko aljihunmu ya ke yinsu ba. An halicci tsuntsaye a rana ta biyar, aka sa musu albarka, Allah ya ga suna da kyau, tun mutum bai kasance ba.

Domin wannan ba za mu iya cewa duban tsuntsu wasan yara ne ba. Sulemanu, wanda aka yabi hikimarsa, an lissafa sanin tsuntsaye cikin hikimar nan (1 Sarakuna 4:33). A zamaninmu kuma John Stott, malamin Littafi na birnin Landan wanda ya rasu a 2011, ya yi duban tsuntsaye dukan kwanakin ransa, bai kuwa ga wannan ya rage wa wa'azinsa kome ba.

3. Duba iri biyu

Amma ba kowane duba ne Ubangiji ya umurta ba. Surori biyu na Farawa, suna maƙwabtaka da juna, sun nuna mana iri biyu. A sura ta 2 Allah ya kawo dabbobi da tsuntsaye wurin Adamu domin ya ga sunan da zai ba su. Ba a iya raɗa wa abu suna sai an dube shi da kyau, an bambanta shi da ɗan'uwansa. Adamu ya duba, ya sa suna, tsuntsun ya tashi abinsa. A sura ta 3 kuwa macen ta dubi itacen, ta ga abin sha'awa ne ga ido, ta miƙa hannu ta tsinka. Ido ɗaya ne, amma duban fari ya ƙare da suna, na biyu ya ƙare da hannu.

Wannan duba na biyu ya zama mana jiki har ba mu lura da shi. Yaro in ya ga tsuntsu mai kyau, hannunsa ya kan tafi wurin danƙo tun bai yi tunani ba. Babba in ya ga gona mai kyau, ko gida, ko matar maƙwabci, zuciyarsa ta kan tambaya, ƙaƙa wannan zai zama nawa? Doka ta goma a kan wannan ido ta ke magana.

Ku dubi abin da ya sami gauraka. Tsuntsu ne mai kambi kamar na zinariya, har a kan kira shi tsuntsun ƙasar Nijeriya, dā kuwa ana ganinsa da yawa a fadamun arewa. Yanzu da ƙyar a ke ganinsa a jejin ƙasar nan. Bushewar fadamu da noma sun ci nasu rabo, amma wani babban dalili shi ne kamu: masu sha'awarsa sun so su gan shi yana taƙama a tsakar gidansu, 'yan kasuwa kuwa suka yi ta kamowa suna sayarwa. Ba maƙiyansa ne kaɗai suka ƙarar da shi ba, har da masoyansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen dā. A nan kuwa wahalar ta faɗa wa abin da aka yi kwaɗayinsa.

Labarin yadda mutane suka koyi sanin tsuntsaye yana nuna mana ana iya barin duba na biyu a koma na fari. A shekara ta 1822 aka harbe wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da wani dogon mashi irin na Afirka ya huda wuyanta, ta kuwa yi dukan tafiyar nan da shi. Tana ajiye har yau a jami'ar Rostock. Ita ta tabbatar wa Turawa inda tsuntsayensu ke tafiya da hunturu, amma sai da aka soke ta sau ɗaya, aka harbe ta sau ɗaya, kafin a sami wannan sani. A 1899 wani malamin makaranta na ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya soma sa wa tsuntsaye ɗan zobe mara nauyi mai lamba a ƙafa, ya sake su. Ta haka aka riƙa sanin hanyoyinsu suna da rai. A Amurka kuma akwai wata al'ada ta dā, ran Kirsimati mutane su kan rabu ƙungiya biyu su fita da bindigogi, a ga wadda za ta fi tara gawar tsuntsu da dabba. A shekara ta 1900 wani masanin tsuntsaye, Frank Chapman, ya ba da shawara a ƙidaya su maimakon a kashe su. Mutum 27 suka fita ran Kirsimatin nan. Ana yin wannan ƙidaya kowace shekara har wa yau, masu yinta kuwa sun kai dubbai.

A ƙasarmu ma akwai masu wannan aiki. A Laminga kusa da Jos, a bakin kurmin Amurum, an kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, tana aiki tare da Jami'ar Jos. A duwatsun wannan yanki akwai wani ɗan jan tsuntsu wanda masana ba su rubuta shi a matsayin iri na dabam ba sai a 1998. Tun daga zamanin kakanni yana nan yana tsince-tsincensa, Allah yana ciyar da shi, littattafan masana ba su san da shi ba. Irin tsuntsayen da aka lissafa a Nijeriya sun fi 900. Mai Zabura ya ce Allah ya san su duka, nasa ne kuwa (Zabura 50:11). Aikin raɗa suna da aka ba Adamu bai ƙare ba tukuna.

4. Hoto da dokar sheƙa

Yanzu fa sai mu zo ga kyamara. Waɗansu su kan tambaya ko hoton tsuntsu bai shiga cikin abin da aka hana a Kubawar Shari'a 4:17 ba, inda aka ambaci siffar tsuntsu mai fukafukai. Wanda ya karanta surar duka zai ga abin da aka hana shi ne a ƙera siffa domin a yi mata sujada. Hoto a bango ba gunki ba ne. Hatsarin kyamara yana wani wuri dabam.

Maharbin ƙasar Hausa ya kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya sunkuya yana tafiya kamar tsuntsun, har ya kusanci nama. 'Yan'uwa biyu na ƙasar Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka ɗauki hoton sheƙa da ƙwai a 1892, suna cikin na farin masu wannan sana'a, sun yi irin wannan dabara: suka sa aka ɗinka musu fatar sa a kan firam, mutum ya shiga ciki da kyamara ya jira tsuntsaye su matso. Sanɗa ɗaya ce, haƙuri ɗaya ne. Ko a bakinmu ma, ɗauka mu ke ce da aikin hoto. Mai kyamara ɗan'uwan maharbi ne, zuciyar maharbi kuwa tana iya bin sa har bakin tafki.

Ga yadda abin ya kan faru. Zakaran ƙeƙuwa ya kan yi ƙwansa a ƙasa, a fili, kusa da ruwa. Da tsakar rana uwar tana zaune bisa ƙwan domin ta yi musu inuwa. Mai hoto ya matso yana son ya cika hotonsa da ita, ta tashi tana kuka tana kewaye kansa. Shi yana murna ya sami hoto mai kyau, rana kuwa tana dukan ƙwan, hankaka yana bisa itace yana lura da wurin da aka nuna masa. Wani ya kan karya rassan da suka rufe sheƙa domin haske ya shiga, ya tafi ya bar ta a buɗe ga shaho. Wani ya kan kunna kukan tsuntsu daga wayarsa, namijin ya bar neman abincin 'ya'yansa ya fito faɗa da abokin gaban da babu shi. Ba a zub da jini ba, amma an ɗauki abin da ba a bayar ba. Domin irin wannan ne dokar Birtaniya ta 1981 ta sa sai da izini a rubuce mutum zai kusanci sheƙar waɗansu tsuntsaye masu wuyar samu domin hoto.

Shari'ar Musa ta riga ta yi magana a kan sheƙa. Ku sake duban Kubawar Shari'a 22:6, 7, wanda waɗansu juyi ke kira Maimaitawar Shari'a. Mutum yana tafiya, ya yi kaciɓis da sheƙa, uwa tana kwance bisa ƙwai ko 'ya'ya. An yarda masa ya ɗauki 'ya'yan, amma lalle ya saki uwar. Ku lura da abu uku. Na ɗaya, dokar ba ta hana cin tsuntsu ba. An ba mutum nama tun zamanin Nuhu, manomin da ya kori jan-baki daga gonarsa ko ya kafa wa fakara tarko domin miyar gidansa bai yi zunubi ba. Na biyu, ta sa iyaka. Uwar nan da ta tashi da ta tsira, ƙaunar 'ya'yanta ce ta riƙe ta har hannu ya kai gare ta, Allah kuwa bai yarda a mai da wannan ƙauna ta zama tarko ba. In an bar uwa kuma, za a sami tsuntsu baɗi. Na uku, alkawarin da aka ɗaura wa wannan 'yar doka, watau zaman lafiya da tsawon kwana, irinsa ne aka ɗaura wa dokar girmama uba da uwa (Kubawar Shari'a 5:16). Wurin kuwa bakin hanya ne, inda babu mai shaida. Abin da mutum ya yi da raunanan da ke hannunsa sa'anda ba mai ganinsa, shi ke nuna ko wane ne shi.

Mai-bi da ke riƙe da kyamara yana ƙarƙashin wannan doka. In tsuntsu ya daina ci ya ɗaga kai yana dubanka, ka matso da yawa, sai ka ja da baya. In uwa ta tashi daga sheƙa sabili da kai, hoton ya yi tsada. Gara ka koma ɗakinka hannu wofi da ka koma da hoton da aka biya da ƙwai huɗu. Akwai kuma wani gwaji na zuciya: in ka ga abin mamaki da safe, kyamara kuwa ta ƙi aiki, za ka iya yin godiya? Wanda ranarsa ta ɓaci domin bai sami abin nuna wa mutane ba, ya kamata ya tambayi kansa ko tsuntsun ya je duba, ko kuwa yabon da zai samu. Manzo Bulus ya gargaɗe mu a kan masu girmama halitta fiye da Mahalicci (Romawa 1:25), halittar da mu kan fi saurin girmamawa kuwa ita ce kanmu.

5. Gwara na biyar

Wani zai ce, to, mun ji. Amma in na zauna na duba da gaskiya, ba alheri kaɗai zan gani ba. Wannan gaskiya ne. Wanda ya kwana uku a bakin tafki zai ga shaho ya fyauce ɗan tsako, zai ga zalɓe ya haɗiye kwaɗo da rai. Tarihi ma yana da nasa shaida. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, nauyinsa bai fi giram 20 ba, wanda ya kan yi ƙwai a Turai, ya ƙetare Sahara ya yi rani a ƙasashenmu na bakin hamada. Da ruwa ya gaza a waɗannan ƙasashe a 1968, masu ƙidaya a Birtaniya suka tarar a 1969 fiye da kashi biyu cikin uku ba su komo ba. Farin nan kuwa ya ci gaba har ya kai ga babbar yunwar 1973, wadda ta ci mutane da shanu. Ina ciyarwar da aka yi alkawari?

Kada mu ba da amsa mai arha. Ubangiji Yesu bai ce gwara ba ya faɗuwa ba. Ya ce ba ya faɗuwa ba tare da Uban ba (Matta 10:29), ya kuwa faɗi haka ga almajiran da ya ke aikewa cikin tsanani, waɗanda za a kashe waɗansunsu. Ku gwada lissafin Matta da na Luka 12:6. A Matta gwarare biyu kobo ɗaya ne, a Luka biyar kobo biyu. Kowace mace da ta taɓa cin kasuwa ta san ma'anar wannan: na biyar gyara ne, ba a biya kome dominsa ba. Wannan na gyaran ma, in ji Ubangiji, Allah bai manta da shi ba. A Luka 12:24 kuma hankaka ya zaɓa ya zama misali, tsuntsun da shari'a ta lissafa cikin masu ƙazanta (Kubawar Shari'a 14:14), wanda ba mai kiwonsa, ba mai sonsa.

Tsuntsu fa ba malalaci ba ne. Tun gari bai waye ba ya ke fita nema, haka zai wuni. Abin da ba shi da shi shi ne rumbu, da alhinin da ke bin rumbu. Yana karɓar rana ɗaya ɗaya daga hannun da bai gani ba. Darasin Matta 6 ke nan, yana kuwa da dangantaka da abin da muka faɗi a kan kamu. Alhini da kwaɗayi uwarsu ɗaya: dukansu biyu suna cewa, abin da ban riƙe a hannuna ba, ba ni da shi. Isra'ilawa a jeji, da aka aiko musu da makware, sun kwana suna tarawa fiye da abin da za su iya ci, aka kuwa kira wurin kaburburan kwaɗayi (Littafin Lissafi 11:31-34). Mutumin da ya koyi zama ya dubi tsuntsu, ya yi murna da shi, ya bar shi ya tashi, yana koyon sakin hannu, wanda kuwa ya iya sakin hannu ya kama hanyar dogara ga Uban.

6. Amsa ga masu ƙara

Ga ɗan'uwa na fari, mai maganar lokaci da kuɗi, muna cewa: Ubangiji da kansa ya kira almajiransa su keɓe su huta kaɗan, suka shiga jirgi suka ƙetare tafki (Markus 6:31, 32). Hutu ba sata ba ne. Amma ku karanta gaba: da taron ya riga su isa, ya ji tausayinsu, ya bar hutun ya koya musu, ya kuma ciyar da su. Ma'aunin ke nan. Tafiyar da ta komo da mutum gida da taushin zuciya da buɗaɗɗen hannu ta biya kuɗinta. Wadda aka yi da kuɗin makarantar yara, ko da bashin da ba a biya ba, ko domin a guje wa maƙwabci mai bukata, ba ta da kariya a cikin Littafi. Wanda ya sauka a irin wannan wuri kuma, ya tuna da mai shara da mai dafuwa da ma'aikacin daji da ya nuna masa hanya, ya biya su hakkinsu da fuska a sake, gama sun fi tsuntsaye masu yawa daraja.

Ga ɗan'uwa manomi muna cewa: ka tsare gonarka, Allah ya ba ka wannan. Amma jan-baki iri ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Balbela da ke bin shanunka tana cin fara, shamuwa ma haka, ungulu kuwa shi ke kawar da mushe kafin cuta ta yaɗu, ga shi yanzu ya yi wuyar gani a mahautanmu domin ana kashe shi ana sayar wa masu magani. Kai ka fi mai kyamara sanin waɗannan, gama kai ke kwana da tashi tare da su.

Umurnin nan na Matta 6:26 ba ya bukatar ɗakin baƙi ko madubin hangen nesa. Yawancinmu ba za mu taɓa kwana a Pandam ba, amma babu wanda ba shi da kududdufi ko rafi ko itacen tsamiya kusa da gida. Kurciya tana sauka a tsakar gidan matalauci kamar yadda ta ke sauka a na mai arziki, tsattsewa kuwa tana sheƙa a ƙarƙashin rufin majami'armu, kamar yadda ta yi a haikali a zamanin mai Zabura (Zabura 84:3). Bari kowane ɗayanmu ya keɓe rabin sa'a cikin makon nan, da sassafe, ya zauna shiru ya duba, hannunsa wofi, kāna ya karanta Matta 6 kuma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne tsuntsaye ne dattawan ƙungiyarku suka sani a ƙuruciyarsu waɗanda ba a ganinsu yanzu? Me ya kore su?

2. Me ya sa Allah ya amsa wa Ayuba da hankaka da jimina, maimakon ya ba shi dalilin wahalarsa?

3. Ban da sheƙar tsuntsu, a ina kuma mutum ya kan mori ƙaunar wani ko rauninsa domin ya kama shi? Ku yi tunanin kasuwa, da ba da bashi, da aure.

4. Ƙaƙa za mu koya wa yaro mai danƙo bambancin farauta domin abinci da kisa domin wasa?

5. Wane abu ne kai ka ke riƙe da shi da ƙarfi domin tsoron gobe?

Aya ta haddacewa: Luka 12:6, 7.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, kai da ka ke ciyar da hankaka, ba ka kuwa manta da gwara na gyara ba, ka buɗe idanunmu mu ga aikin hannunka, ka kwance hannuwanmu daga kwaɗayi da alhini. Ka ba manomanmu amfanin gona, ka tsare musu shi. Ka koya mana jinƙai ga raunana a inda ba mai ganinmu sai kai. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.